Iliya Ma Ya Roƙi Mutuwa

Ɗana, idan ka yi mako biyu ko fiye zuciyarka a ƙuntace, barci ya ƙaurace maka ko ya yi maka yawa, abinci ba ya shiga, waƙar da ka saba rerawa a majami'a ta daina motsa ka, to mai yiwuwa ciwon damuwa ne ya kama ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi. A cikinsu akwai fastoci, akwai dattawan ikkilisiya, akwai matan zumunta masu azumi da addu'a.

Na san abin da za a ce maka. Wani zai ce bangaskiyarka ce ta yi sanyi, wani ya ce akwai zunubin da ka ɓoye. Kada ka ɗora wannan kaya a kan wanda kake ɗauke da shi. Ka buɗe 1 Sarakuna sura 19 ka karanta a natse.

Iliya bai daɗe da ganin wuta ta sauko a Dutsen Karmel ba, Yezebel ta aiko masa da barazana. Ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can. Ka lura da wannan, domin haka ciwon yake yi: yakan raba mutum da wanda ya rage masa. Ya kutsa jeji tafiyar yini guda, ya zauna gindin itace, ya roƙi Ubangiji ya ɗauki ransa. Annabi ne fa. To me Allah ya yi? Bai tsawata masa ba, bai yi masa wa'azi ba. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Aka sake tashinsa ya ci. Sai a Horeb, bayan kwana 40, aka yi maganar. A can ya ji cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, alhali yana ganin shi kaɗai ya rage. Aka kuma haɗa shi da Elisha.

Don haka ka ci abinci ko da loma uku ne. Wannan ba lokacin dogon azumi ba ne. Ka fito rana ta taɓa ka. Idan addu'a ta gagara, ka karanta Zabura 88. Mai ita ya fara da kuka, ya ƙare cikin duhu, kuma Allah ya bar ta a Littafi Mai Tsarki.

Sannan ka je asibiti. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, kuma ba wanda yake kunyar shan maganin hawan jini. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, amma likitan da ke kusa da kai ma ya isa farawa. Idan an ba ka magani, ka sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ka ji sauƙi, kuma kada ka daina shi don wani ya ɗora maka hannu ya ce ka warke. Wanda ya rubuta maka shi ne zai ce ka tsaya.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa, abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai ɗin da suka zauna da shi shiru. Da suka fara bincikar laifinsa ne suka ɓata. Ku zauna, ku kawo tuwo, ku raka shi ganin likita.

Ɗana, in tunanin kashe kanka ya zo, kada ka kwana da shi. Yesu kansa a Getsamani ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna nauyin ransa, ya ce su zauna tare da shi. Ka faɗa wa mahaifiyarka, ko fastonka, ko abokin da ka yarda da shi, yau ɗin nan. Ka miƙa masa duk maganin ƙwari da ƙwayoyin da ke ɗakinka, ku tafi asibiti tare.