Gori

"Har yanzu shiru?" Haka ake tambayar matar da ta shekara biyu a ɗaki ba ciki. Saurayin da ya gama bautar ƙasa bai sami aiki ba, in ya miƙa hannu a kwanon tuwo sai a ce, "Ci dai ka iya." Marayan da ake riƙo kuwa, kullum sai an tuna masa wanda ya biya kuɗin makarantarsa. Gori ke nan: a ɗauki abin da mutum ya rasa, ko alherin da aka yi masa, a mayar da shi bulala.

Mai gori ba ya rasa mafita. In aka ɓata rai ya ce wasa yake yi, in aka matsa masa ya ce ai gaskiya ya faɗa. Kafin la'asar ya manta. Wanda aka yi wa kuwa da maganar zai kwana, yana ta saƙa da warwara.

Zafin nan ba raki ba ne. A 2003, Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, sai aka daina jefa musu da gangan. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan jiki ya ji ciwo, shi ne ya motsa. Wannan fa wariya ce ta 'yan mintoci, daga waɗanda ba su sani ba. Ina ga wadda ke fitowa kullum daga bakin uwar miji, ko yaya, ko malami? Sannu a hankali barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, mutum ya daina shiga mutane, har ciwon damuwa ya samu wurin zama. Daga nan sai a ce sammu ne ko iska, a nufi wajen mai magani, wani lokaci har asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ba wanda ya waiwayi irin maganganun da ake yi a tsakar gida.

Abin takaici, wanda aka cuta shi ake ba haƙuri, mai bakin kuwa a ce halinsa ne, a ƙyale shi. Alhali aya ta 264 a Suratul Baƙara ta nuna gori yana ɓata ladan sadaka. Ashe wanda ya ciyar da maraya ya goranta masa, ya ji wa yaron ciwo, ya kuma yi asarar ladansa.

Don haka in aka yi gori a gabanka, kada ka tsaya ga rarrashin wanda aka yi wa. Ja mai maganar gefe, ko babba ne, ka gaya masa cikin ladabi cewa abin da ya faɗa bai dace ba.