GIDAN MAƘWABCINKA ZAI TAFI A BASHI: HAKKIN WAYE?

  

Ya 'yan'uwana matasa, wani ɗalibina ya yi mako biyu bai zo darasin Larabci ba. Da na bi sawu, sai na tarar mahaifinsa ya jinginar da gidansu ya ci bashi don jari, kasuwa ta karye, masu kuɗi kuma sun aiko da takardar sayar da gidan. A majalisa mutane suka rabu biyu: wasu na tsine wa masu bashi, wasu na cewa shi ya jawo wa kansa. Ban ji wanda ya tambaya ba: mu fa, me ya hau kanmu?

Mun san abin da ke tura mutum wannan rami a nan Gana. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida, amma daga Nima har Aboabo na shekara biyu ake nema. Ƙidayar 2021 ta nuna ƙasar na da giɓin gidaje kimanin miliyan 1.8. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Wanda gidansa ya kuɓuce masa cikin irin wannan hali, da wuya ya sake mallakar wani.

To, shari'a ta raba hakkin gida uku.

Na farko, mai bin bashi yana da gaskiyarsa. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta halatta jingina, Manzon Allah (SAW) kansa ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Mai hali da ke ja wa mai binsa rai, hadisi ya kira aikinsa zalunci.

Na biyu, wanda ake bi shi ma yana da hakki. Aya ta 280 ta yi umarni a saurara wa mai ƙunci har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi. Ranar da Ka'abu ɗan Maliku ya matsa wa Ibnu Abi Hadrad a masallaci, Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Malamai sun saɓa a kan gidan zama na wanda bashi ya cinye: Abu Hanifa da Ahmadu sun ce ba a sayar da shi, Maliku da Shafi'i sun ce ana sayarwa. Amma ko a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gaggawa, ana jira kamar wata biyu don gidan ya yi daraja, abin da ya ragu bayan biyan bashi kuma na mai gida ne. Jingina ba ta zama mallakar mai bashi don lokaci ya cika.

Na uku shi ne namu, kuma shi muka manta. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas masu cin zakka, cikinsu akwai waɗanda bashi ya danne. Yaushe rabon da ka ji attajirin zango ya fanshi gida da zakkarsa? Sai a tsinka ta sidi ashirin-ashirin a ƙofar gida, kowa ya sami na koko, babu wanda ya fita daga talauci.

Wani zai ce: ai bashin riba ya ci. Haka ne, riba haramun ce, ba mai sassauta wannan. Sai dai malamai sun ce wanda ya ci bashi ta hanyar saɓo, in ya tuba ana taimakonsa. Sannan 'ya'yansa da za a watso wa kaya waje, wace riba suka ci? Mu da ba mu tanadi rance marar ruwa ba, da wane baki za mu zarge shi?

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu kafa asusun ceton gida a masallaci, da littafi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta koyar a rubuta bashi. Iyayenmu mata sun daɗe suna adashi ba tare da banki ba, mu koya daga gare su. Masu ilimin boko a cikinmu su riƙa karanta wa dattawa takarda kafin su dangwala hannu. Limamai da sarakunan zango su shiga tsakani tun kafin magana ta kai kotu, a nemi ƙarin wa'adi ko ragi.

Maganar gidan su ɗalibina tana nan ba ta ƙare ba, wa'adi kuwa na matsowa. In gidan ya tafi muna kallo, ranar gobe ba mutum biyu kaɗai za a tambaya ba.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.