Bauri, Maye da Sauyawar Hukunci

Masu sharhin jar giyar inabi a Faransa, musamman wadda ake yi da inabin Merlot a Pomerol da Saint-Émilion na yankin Bodo, suna ba wa bauri babban matsayi, wato ɗanɗanon nan mai kama harshe ya busar da dasashi, wanda sinadarin tanin na cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa da katakon gangar ajiya ke haifarwa. A wurinsu, giyar kakar da baurinta ya yi ƙarfi ba a gaggauta yanke mata hukunci, domin shekaru kan tausasa shi.

Mutumin cikin birnin Kano, inda aka haramta sayar da giya tun bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, bai san wannan sharhi ba, amma ya san baurin sarai, domin shi yake ji idan ya fasa goro, kuma da irin wannan sinadari, wanda ke cikin 'ya'yan bagaruwa, majeman Ƙofar Wambai ke jeme fata bayan sun tuje gashinta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa haramcin bai rataya ga launi ko ɗanɗano ba, in ba haka ba da zoɓo ya shiga ciki. Abin da malaman usulu ke kira illar hukunci, wato siffar da hukunci ke kasancewa da kasancewarta ya kuma gushe da gushewarta, a nan ita ce sa maye.

Tambayar da ta fi zurfi ita ce ta istihala, wato rikiɗar abu daga asalinsa zuwa wani abu daban. A Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin Malikawa wanda ake karantawa a zaurukan malaman birni, an lissafa giyar da ta koma khal, wato binega, a cikin abubuwa masu tsarki, ko da hannun mutum ne ya juya ta, alhali Shafi'awa sun shardanta ta juye da kanta. Sai ga shi Malikawan nan da suka sassauta a kan khal sun tsananta a kan fatar mushe, suka ce jima ba ta tsarkake ta tsarkin shari'a, duk kuwa da cewa ta raba ta da wari da danshi da ruɓa.

Ana iya ganin saɓani a nan, amma wanda ya tsaya a bakin ramin jima zai gane hikimar rarrabewar. Khal ya rabu da mayen da ya jawo masa hukunci, har ba sauran abin da za a kama shi da shi. Ita kuwa fatar da aka tsamo daga ruwan bagaruwa, ta yi laushi, har yanzu fatar dabbar nan ce da ta mutu ba a yanka ta ba, kuma ba wani jiƙo da zai koma baya ya sauya yadda ta mutu. Shi ya sa aka yi rangwame a zuba hatsi a jakarta, a ɗauki ruwa a salkarta, amma Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana a sayar da ita ko a shimfiɗa ta buzu a yi salla a kai.