Aibin da Ido Ba Ya Gani: Hukuncin Cinikin A-kori-kura ta Hannu

Motar a-kori-kura matsakaiciya, wato wadda take da mazaunin direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya, kuma girmanta bai kai na manyan motocin dakon kaya ba, kamar Toyota Hilux da aka fara ƙerawa a 1968, da Toyota Tacoma da ta fito a Amurka a 1995, da Ford Ranger da Nissan Navara, tana cikin motocin da suka fi sauya hannu bayan sun yi aiki wurin wani. Cinikinta yana ɗauke da wata tsohuwar tambaya da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna tattaunawa: idan kaya yana da tarihin da ɗaya daga cikin masu ciniki ya sani ɗayan bai sani ba, wane ne ya kamata ya ɗauki nauyin abin da ke ɓoye?

Alfanun irin wannan mota da illarta daga tushe ɗaya suke fitowa, wato shekarun da ta riga ta yi tana aiki. Sabuwar mota takan zubar da kaso mai yawa na darajarta a shekarun farko, saboda haka mai sayen ta hannu yana samun ta ne bayan mai ita na farko ya ɗauki mafi nauyin asarar, kuma yana sayen samfurin da aka riga aka san halinsa, kayan gyaransa suna kasuwa, kanikawa sun saba da injinsa. An ɗora gangar jikinta a kan shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da mota baki ɗaya, shi ya sa take jure kaya da hanya marar kwalta. Sai dai farin jininta yana hana farashinta sauka kamar na sauran motoci, tana kuma shan mai fiye da ƙaramar mota, mazaunin baya yakan yi wa iyali ƙunci, kuma da yake motar aiki ce, akwai yiwuwar an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Mafi munin aibinta yana ƙarƙashi, inda fenti ba ya ba da labari. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 a wata shari'a a Amurka kan tsatsar da ke cin shasin motoci kimanin miliyan ɗaya da rabi, ciki har da Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010.

Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya nuna a wata maƙala ta 1970 cewa ɓoye aibi ba mutum ɗaya yake cutarwa ba, kuma da kasuwar motocin hannu ya kafa misalinsa. Idan mai saye ba zai iya bambance lafiyayyar mota da mai matsala ba, ba zai yarda ya biya fiye da matsakaicin farashi ba. Mai lafiyayyar mota kuwa, ganin ba za a biya shi haƙƙin kulawar da ya yi mata ba, sai ya fasa sayarwa, kasuwa ta cika da marasa kyau, farashi ya ƙara faɗuwa. Ta haka algus ɗin mutum ɗaya yake zama haraji a kan duk mai gaskiya.

Tun kafin wannan bayani, Cicero, ɗan siyasar Rum, ya kawo muhawarar a littafinsa kan wajibai a shekara ta 44 kafin Miladiyya, inda ya gabatar da saɓanin malamai biyu, Diogenes na Babila da almajirinsa Antipater, kan mai sayar da gidan da ya san yana da illa. Na farko yana ganin yin shiru ba ƙarya ba ne muddin an cika abin da doka ta nema, na biyu kuwa yana ganin barin mutum ya faɗa asara alhali kalma ɗaya za ta tsare shi saɓa wa 'yan'uwantakar ɗan Adam ne, kuma ra'ayin na biyu Cicero ya zaɓa.

Fiƙihun Musulunci bai bar bayyana aibi ga lamirin mai sayarwa kaɗai ba, ya mayar da shi hukunci. Ya fara da bambance garari, wato rashin tabbas game da abin da ake saye, da tadlisi, wato ɓoye aibin da aka sani da gangan. Malamai sun yafe garari ɗan kaɗan wanda ba a iya kauce masa, suka kafa misali da sayen gida ba tare da an tone harsashinsa ba, don haka rashin sanin abin da ke cikin injin da ba a kwance ba ba ya ɓata ciniki. Tadlisi kuwa haramun ne, kuma asalinsa a hadisi shi ne dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta don mai saye ya zaci mai yawan tatsa ce, inda aka ba wanda aka yaudara zaɓin riƙe ta ko mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Wanda ya mayar da agogon kilomita baya, ko ya shafe tsatsar shasi da baƙin fenti, ko ya zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙarar inji, ya yi abin da mai waccan dabba ya yi, domin ya ƙirƙiri alamar lafiya a inda babu ita.

Daga nan zaɓin aibi ya samo asali, wato haƙƙin mai saye na warware ciniki idan ya gano illar da ta riga cinikin kuma take rage daraja. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta tsara, wadda almajiran ƙasar Hausa suke karantawa, mai saye yana iya riƙe kayan ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, idan kuma wani sabon aibi mai ɓata kayan ya auku a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya ƙimar sabon. Kuɗin dakon da ya samu da motar kafin ya gano matsalar nasa ne, bisa ƙa'idar cewa amfani yana bin lamuni, domin da motar ta ƙone a wannan tsakanin, shi ne da asara. Game da sharaɗin barranta, wato mai sayarwa ya ce ba ruwansa da duk abin da ya ɓullo daga baya, Hanafiyya sun yarda da shi gaba ɗaya, Malikiyya kuwa a mashahurin zance sun ƙuntata shi ƙwarai, kuma ba ya amfanar wanda ya san aibin ya yi shiru. Saboda haka furucin nan na 'yan kasuwa cewa yadda aka gan ta haka take bai isa ya wanke wanda ya san giyar motar tana zamewa ba.

Wahalar wannan zamani ita ce tsawon hanyar da mota take bi. Wadda ambaliya ta shafe a Amurka tana iya fita ta gwanjon kamfanonin inshora, ta sauka a tashar Legas ko Kwatano, a gyara ta, ta bi ta hannun dillalai da dama kafin ta isa Kano ko Maraɗi, har ya zama mai sayarwa na ƙarshe da gaske bai san abin da ya same ta ba. A nan laifin tadlisi yana kan wanda ya sani ya ɓoye, amma zaɓin mayarwa ba ya faɗuwa don jahilcin mai sayarwa. Shi ma mai saye yana da nasa nauyin, domin aibin da ya gani ya yarda da shi ba ya ba shi zaɓi. Zuwa da bakanike amintacce, da leƙa ƙarƙashin mota, da bincikar lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da aka daidaita a Amurka tun 1981, duk suna cikin riƙo da sababi, wanda ba ya cin karo da tawakkali.

Sauran tambayar ita ce ko ya dace mutum ya mallaki motar tun farko. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya bi Gazali wajen kasa maslaha gida uku: larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, da buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa, wadda ke ƙara kyau kawai. Ga manomin da ke kai buhunan masara kasuwa ko ɗan kwangilar da ke jigilar siminti, a-kori-kura buƙata ce da ke mayar da kuɗin manta da na gyaranta. Ga ma'aikacin birni da bodinsa zai shekara babu kaya, ƙawa ce, kuma ƙawa halal ce muddin ba ta ci haƙƙin iyali ba, ba ta kuma jefa shi bashin ruwa ba, lissafin da ya ƙara tsanani a Najeriya tun da aka cire tallafin man fetur a 2023.

Saboda haka ba a yanke wa a-kori-kura ta hannu hukunci ɗaya na kyau ko muni, sai an duba wanda ya saya da dalilinsa, da wanda ya sayar da abin da ya bayyana. Shari'a ta raba nauyin gwargwadon sani: faɗin aibi a kan wanda ya san shi, bincike a kan wanda yake iya yi, abin da ya ɓuya ga kowa kuma a warware shi da mayarwa ko rangwame. Kuma tun da mai saye na yau yakan zama mai sayarwa bayan 'yan shekaru, duk bayanin da ya nema a ba shi game da inji da shasi, shi ne za a wajabta masa bayarwa ranar da ya sa motar a kasuwa.