Nasihar Juma'a: Mu Saya Musu Keke, Mu Kai Musu Ɗinki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

'Yan'uwa, duk Juma'a in an sallame muna taras da su a bakin ƙofa: mata da goyo, wasu yaran na riƙe da gefen zane. Da yawansu ba a bara aka haife su ba. Akwai waɗanda suka baro Gwoza da Bama a 2014, akwai na Baga a farkon 2015, ga kuma na Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka koro daga baya. An kashe maigida, gona ta gagara, hanya ta jefo su Legas. Mu miƙa musu canjin da ya rage a aljihu, mu koma shago. Allah ya ba da lada. To amma canjin nan ko Asabar ba ya kaiwa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da kuma miskini, Annabi (SAW) ya kwatanta shi da mai jihadi a tafarkin Allah, ko mai raya dare da salla yana azumin yini. Ku lura, ɗawainiya aka ambata, wato kai da kawo, abin da ke cin lokaci da jiki.

Me ya sa muka ce ɗinki? Domin sana'a ce ta cikin ɗaki. Mace na taka keke tana kallon 'ya'yanta, ko tana cikin takaba ba sai ta fita ba. Keken ƙafa, irin su Butterfly ɗin nan, babu ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Kuma ba abin kunya ba ne: Uwar Muminai Zainab bint Jahsh tana jima, tana ɗinkin fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu.

Masu fitar da zakka, ga shawara. Maimakon a yayyanka ta ƙanana-ƙanana har ba wanda ta amfana, malamanmu na Malikiyya sun halatta a bai wa mabuƙaci guda abin da zai ishe shi shekara. Damƙa wa mace ɗaya abin da zai saya mata keke da almakashi da dutsen guga da zare, ka bar ta ta tsaya da ƙafarta.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, sayen keken shi ne mai sauƙi. In ba wanda ya koya mata, ba wanda ya kawo ɗinki, ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi za ta sayar da shi rabin kuɗi, kuma ba za mu ga laifinta ba. Nan ne aikin yake. Telolinmu mata su karɓi almajirai ba tare da kuɗin koyo ba. Alhaji mai shagon yadi, ƙyallayen da ake sharewa a zubar, a tara musu su koyi yanka da su. Hijabai da rigunan 'yan Islamiyyarmu, me zai hana a ba su kwangilar? Hajiya, faci da sa zif da rage siket, fara gwada ta da waɗannan kafin atamfar Sallah.

Kuma a biya ta yadda ake biyan kowane tela. Kada a ce ai taimaka mata ake yi, a yi ta jan ciniki har a cinye guminta, ko a karɓi kaya a ce sai an kwana biyu. Abincin marayu ne a cikin kuɗin nan.

Maza kuma mu ji tsoron Allah. Wanda ke son aure, ƙofa a buɗe take bayan idda, ya bi ta hannun manya. Amma kada taimako ya zama tsanin zuwa ɗakin mutane da dare. Shi ya sa muka ce komai ya bi ta hannun iyayenmu mata na masallaci.

Mai keken da ya ajiye ba a amfani da shi, ko yana buƙatar gyara, ya sanar da ladan bayan La'asar. Telolin da za su karɓi almajira su ba da suna a ɓangaren mata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya raya marayun.