KA JI ƘAHO?

Ka tara mutanen gidanka, ka karanta wannan 'yar takarda da murya, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji.

In ka taɓa zuwa Damagaram, ka ga abin da ya saura na ganuwar Birni. A zamanin kakanninmu gari mai ganuwa yana da masu tsaro. Mai tsaro yakan hau bisa, ya zuba ido ga jeji. In ya hango ƙurar dawaki, sai ya busa ƙaho. Manomi ya yar da hauya, mace ta goya ɗanta, makiyayi ya koro bisashe, a rufe ƙofa. Wanda ya ji ƙaho ya ce bari in ƙarasa wannan kuyya tukuna, a waje ake rufe shi.

Dawakin yaƙi sun wuce, ganuwa ta zube. Amma akwai maƙiyan da ganuwa ba ta taɓa tare su ba: fari, da farin dango, da ambaliya, da yunwa. Su ma suna ta da ƙura kafin su iso.

MAI TSARO DA MAI JI

A cikin Ezekiyel sura 33 Allah ya yi wa annabinsa misali da mai tsaro. In mai tsaro ya ga takobi yana zuwa ya busa ƙaho, wani kuwa ya ji ya ƙi kula har ya mutu, alhakin jininsa yana kansa. Amma in mai tsaro ya gani ya yi shiru, a hannunsa Allah zai nemi jinin wanda ya hallaka.

Abu huɗu ne ke sa gargaɗi ya ceci rai. Na fari, a san inda maƙiyi yakan ɓullo. Na biyu, a sa wani ya tsaya yana dubawa dare da rana. Na uku, a busa ƙaho da wuri, da muryar da kowa zai ji ya gane. Na huɗu, wanda ya ji ya san abin da zai yi, ya kuwa yi shi. In ɗaya ya faɗi, sauran ukun sun zama banza.

MASU TSARON ZAMANINMU

Tsofaffinmu suna ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Da yawa cikinmu sun ga farin 1973, sun ga na 1984 kuma, sa'ad da shanu suka mutu a bakin rijiyoyi, mutane suka bar garuruwansu. Bayan wahalar 1973 ƙasashen Sahel suka haɗa kai domin yaƙi da fari. A 1974 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, inda ake koyar da ma'aikata, ana bin sawun ruwan sama da amfanin gona da makiyaya. A 1989 gwamnatin Nijar ta kafa nata tsarin gargaɗi tun da wuri, wanda ake kira SAP a taƙaice. Daga baya aka sauko da aikin har cikin ƙauyuka, inda ake zaɓen 'yan gari su riƙa kai rahoto ga hukuma.

Me waɗannan mutane ke dubawa?

Suna auna ruwan sama da ma'auni a garuruwa da yawa. Suna duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke aikowa, su ga inda hadari ke haɗuwa da inda ciyawa ta ƙi fitowa. Kowace shekara kafin damina masana yanayi na ƙasashenmu sukan taru su faɗi abin da suke tsammani: ko ruwa zai yi yawa ko kaɗan, ko zai sauka da wuri ko a makare, ko zai yi dogon tsayawa bayan shuka.

Suna auna kogi. A Yamai, in ruwan Kwara ya kai santimita 530, gargaɗi na fari ke nan. In ya kai 580, na biyu. In ya kai 620, an shiga ja. A watan Satumba na 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700, madatsa ta fashe, unguwannin bakin kogi suka nutse.

Suna shiga hamada, wajen Ayar da Tamesna, suna neman inda fara ta zuba ƙwai, domin a kashe ta tun ba ta yi fiffike ba.

Suna zaga kasuwanni suna rubuta kuɗin tiyar hatsi da kuɗin akuya. In kaka ta yi amma tiya ba ta sauko ba, akuya kuwa tana faɗuwa, yunwa ce ke sallama daga nesa.

Sa'an nan ana busa ƙahon ta Muryar Sahel, da gidajen rediyon karkara, da wayar salula, da bakin malaman gona da masu gari.

Amma ƙaho shi kaɗai ba ya ceto. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Tun ƙarshen shekarar aka yi gargaɗi, aka nemi taimako. Taimako mai yawa bai iso ba sai tsakiyar 2005, bayan yara da dama sun mutu a jihohin Maraɗi da Damagaram. An busa ƙaho, masu ji suka yi nauyin jiki. A daminar 2024 kuma masana sun faɗi tun da wuri za a yi ruwa mai yawa. Ruwan ya zo, mutum kusan 400 suka rasu a ƙasarmu, wajen miliyan ɗaya da rabi suka yi hasara.

WANNAN BA DUBA BA NE?

Wataƙila ka ce, “Mai bi ba ya zuwa wurin mai duba. Allah kaɗai ya san gobe.” Gaskiyarka. Allah ya hana mu duba da tsafi, kada kuwa ka koma gare su. Amma mai duba yana neman asiri wurin iskoki. Mai auna ruwa yana duba aikin hannun Allah ne, kamar yadda kai ma kake yi. Ai kakan ga shamuwa ta dawo, ka ce damina ta kusa. Kakan ga hadari ya yi baƙi a gabas, ka ce wa yara su kwashe shanya. A cikin Luka sura 12 Yesu da kansa ya ce mutanen zamaninsa sun iya karanta girgije da iska. Bai tsauta musu saboda wannan ba. Ya tsauta musu domin sun iya karanta sama, amma sun kāsa gane lokacin da Allah ya ziyarce su.

Ko kuwa ka ce, “Bara sun ce za a yi ruwa, ba a yi ba a garinmu.” Haka ne, su mutane ne, abin da suke faɗi tsammani ne bisa ga awo. Ruwa yakan sauka a wannan ƙauye ya tsallake wancan. Amma in ka kwana a tudu sau uku ruwa bai zo ba, barci kaɗai ka rasa. In ka kwana a kwari sau ɗaya ruwa ya zo, me za ka ce wa uwar 'ya'yanka?

Wani kuma ya ce, “Ni na dogara ga Allah, abin da ya rubuta shi zai same ni.” Ka buɗe Fitowa sura 9. Kafin Allah ya sauko da ƙanƙara a Masar, ya aiko Musa ya faɗi tun ana gobe, ya ce a shigo da dabbobi da barori daga saura. Waɗansu fādawan Fir'auna suka ji tsoron maganar Ubangiji, suka yi hanzari suka shigo da nasu. Waɗansu suka bar nasu a fili. Kashegari aka ga bambanci. Wane ne mai bangaskiya a cikinsu? Wanda ya tashi ya yi aiki.

Nuhu ya sassaƙa jirgi tun ba a ga ɗigon ruwa ba. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na hatsin Masar shekara bakwai na ƙoshi, ya ceci al'umma duka har da gidan ubansa. Surukan Lutu kuwa suka ɗauka wasa yake yi. Sa'ad da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, domin wannan gwada Allah ne. Mutumin da ya ji gargaɗi ya kwantar da iyalinsa a ɗakin da bangonsa ya jiƙe ya tsage, shi ma gwada Allah yake yi.

ABIN DA ZA KA YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da za ka soma tun yanzu.

Ka san wurinka. Ka tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin Gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta ci shi aka koma tudu. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, saboda haka yana iya cika ko da sama tana garau a kanka. Kada ka yi gini a hanyar ruwa, kada ka kafa rumbu a kwari.

Kafin damina ka yi yaɓe, ka gyara indararo, ka buɗe wa ruwa hanya. Ka sa takardun haihuwa da na gona a cikin leda, ka rataye su bisa. Ku shirya tun da rana inda za ku gudu da dare, da wanda zai ɗauki tsohuwa, da wanda zai kwance dabbobi. In kwari ya kawo, kada ka ƙetare, kada ka tura yaro ko amalanke. Ka jira ya janye.

Ka saurari rediyo, uwargida ma ta saurara, gama sau da yawa kai kana gona ko kasuwa. In an ce damina za ta yi gajarta, ka nemi iri mai saurin nuna. Kada ka zuba irinka duka a yayyafin fari. Malaman gona sukan ce a jira ruwan da ya kai wajen milimita 20.

Da kaka ka ƙirga damunanka, ka ƙirga bakunan gidanka, ka san watan da rumbu zai ƙare. Kada biki ya cinye abincin watan noma. In an ce ciyawa ba za ta kai ba, ka sayar da dabba tun tana da nama, ka sayi hatsi tun yana da araha.

Uwa, ki karɓi zaren awon hannun yaro a wurin ma'aikatan lafiya, ki koyi aiki da shi. In ya nuna ja, ki kai yaron likita a ranar, kada ki jira ranar kasuwa.

In ka ga fara ta taru, ko tsutsa ta kama hatsi, ko madatsa ta tsage, ka gaya wa mai gari da malamin gona nan da nan. A ranar nan kai ne mai tsaro.

AIKIN IKILISIYA

A cikin Ayyukan Manzanni sura 11 wani annabi mai suna Agabus ya faɗi a Antakiya cewa babbar yunwa tana zuwa. Masu bi ba su tsaya gardama ba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Me zai hana ikilisiyarku ta yi rumbu, kowane gida ya zuba tiyarsa da kaka, a sa amintattu su riƙe mabuɗi da littafi? Me zai hana a faɗi labarin yanayi ran Lahadi bayan sujada? Ku san gwauruwar da ba ta da rediyo, da makaho, da tsohon da ba ya jin kira. In kun ji gargaɗi, ku buga ƙofar kowa. Ruwa ba ya tambayar addinin mai ɗaki, kai ma kada ka tambaya. Maƙwabcinka ne, an umarce ka ka ƙaunace shi kamar kanka.

ƘAHO MAFI GIRMA

Ya mai karatu, akwai wata rana da babu ma'aunin da zai nuna ta. An ƙaddara wa kowane mutum ya mutu sau ɗaya, bayan wannan sai shari'a. Yesu ya ce zuwansa zai zama kamar kwanakin Nuhu: ana ci, ana sha, ana aure, har ruwa ya zo. Masana yanayi sukan yi kuskure, amma wannan gargaɗi ba kuskure a cikinsa.

Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu. Haka ya faɗi a cikin wannan sura ta mai tsaro. So yake mugu ya juyo ya rayu. Domin haka ya ba da gargaɗi, ya kuma ba da mafaka. Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi ya shiga jirgi, hukunci ba zai cinye shi ba. Ƙofa a buɗe take yau. Kada ka ce bari in ƙarasa wannan kuyya tukuna.

In kana so, ka yi addu'a haka daga zuciyarka:

Ya Ubangiji Allah, na ji gargaɗinka. Ni mai zunubi ne. Na gode da ka aiko Yesu ya mutu domina. Ka gafarta mini, ka karɓe ni. Ka ba ni kunnen ji da ƙafar tashi, ka mai da ni amintaccen mai tsaro ga gidana da garinmu. A cikin sunan Yesu. Amin.

In kana da tambaya, ka nemi fasto ko mai bishara da ke kusa da kai. In ka gama karatu, ka miƙa wa maƙwabcinka wannan takarda.