Hatimin da Ba a Karyawa

A shekarar 1926, a wata matatar giya mai suna Macallan da ke kusa da kogin Spey a arewacin ƙasar Sikotlan, aka ɗura barasar sha'ir, wadda ake kira wuski, a cikin wata gangar katako mai lamba 263, aka mirgina ta cikin ma'aji, aka bar ta nan har shekara sittin. Da aka juye ta a 1986, kwalba arba'in kacal aka cika. Ɗaya daga cikin arba'in ɗin nan ce aka yi gwanjonta a gidan Sotheby's na birnin Landan cikin watan Nuwamba na 2023, aka sallama ta a kan fam 2,187,500. Abin da ya fi kuɗin ban mamaki shi ne, galibin masu sayen irin waɗannan kwalabe ba da niyyar sha suke saye ba, domin kuwa ranar da aka karya hatimin murfin, ran nan darajar ta zube, ko da ɗigo ɗaya bai taɓa harshen kowa ba.

Hukuncin giya a wurin Musulmi ba abin jayayya ba ne, ba kuma shi ne maƙasudin wannan maƙala ba. Tun da ayar haramci ta sauka a cikin Suratul Ma'ida aka kwarare tulunan giya a titunan Madina, har an ruwaito cewa Abu Ɗalha, Allah ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wasu marayu da suka gaji giya, aka umurce shi da ya zubar da ita. Daga nan fuƙaha'u suka tabbatar da cewa giya ba dukiya ba ce a hannun Musulmi, ba a cinikinta, ba a gadonta, komai tsufanta, komai tsadarta a kasuwar waɗansu. Sai dai mai hankali yana tsintar izina ko a ƙofar gidan da ba zai shiga ba, mas'alar da ke cikin kwalbar nan kuwa ta shafi har wanda bai taɓa jin warin giya ba: shin mene ne mutum ya mallaka, idan ya mallaki abin da ba zai more shi ba face ya hallaka shi, ba kuma zai kiyaye shi ba face ya haramta wa kansa morarsa?

Ma'abota sha'awar tara irin waɗannan kwalabe mutane ne masu haƙuri da natsuwa, masu sanin tarihin kowace matata kamar yadda maroƙi ya san salsalar sarakuna. Wani ɗan ƙasar Birazil, Claive Vidiz, ya shafe shekara talatin da biyar yana tarawa har ya haɗa kwalba 3,384, waɗanda aka jera a birnin Edinbara a 2009 domin masu kallo. Wani Ba'amurke kuma, Richard Gooding, ya tara fiye da 3,900 kafin rasuwarsa a 2014, sa'an nan aka watsa su a gwanjo cikin 2020 da 2021. Abin da suka fi ƙauna shi ne wanda ba za a sake samun irinsa ba, kamar ragowar matatun Port Ellen da Brora da aka rufe a 1983, domin ko da yake an sake buɗe su daga baya, abin da aka dafa kafin rufewar ƙidayayye ne, duk kwalbar da wani ya sha ta ƙara wa sauran tsada. Ke nan arzikin mai ajiya yana ƙaruwa ne da shan waɗansu da kamewarsa shi, alhali kuwa ba kamewar tsoron Allah ba ce, kamewar tsoron asara ce.

Malaman fiƙihu, a babin aro da rance, sun rarrabe abubuwa gida biyu: akwai wanda ake amfana da shi ainihinsa yana nan, kamar gida da doki da littafi, shi ne ake bayarwa aro a mayar da shi kansa, akwai kuma wanda amfaninsa shi ne ƙarewarsa, kamar abinci da abin sha, wanda in an ce an ba da shi aro to a haƙiƙa rance ne, tun da kwatankwacinsa za a mayar. Wannan rarrabewa ita ce amsar wanda zai ce mai tara kwalabe daidai yake da zuriyar malaman Timbuktu da suka adana rubuce-rubucen kakanninsu ɗaruruwan shekaru a cikin akwatuna. Lalle akwai gaskiya a cikin cewa ba don masu ajiya ba da abubuwa masu yawa sun salwanta, kiyaye abin da magabata suka bari kuwa aiki ne abin yabo. Amma littafi ana karanta shi sau dubu bai ragu ba, a kwafe shi, ɗalibi ya tafi da ilminsa mai shi bai yi asarar harafi ba, abin sha kuwa ba shi da wata gaya face maƙogwaro, wanda ya raba shi da gayarsa domin ya dawwamar da shi, suna kawai ya dawwamar, ya kashe ma'ana.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ta fito ne daga hannun 'yan damfara. A 2017, a wani masauki a garin St. Moritz na ƙasar Suwizalan, wani baƙo ɗan ƙasar Sin ya biya faran 9,999 na kuɗin ƙasar domin 'yar kurɓa daga kwalbar da aka rubuta wa shekarar 1878. Da masana suka yi shakka aka gwada, sai aka tarar abin da ke ciki na farkon shekarun 1970 ne, aka mayar masa da kuɗinsa. A 2018 kuma wani ɗakin bincike a Sikotlan ya auna tsofaffin kwalabe 55, ya sami 21 na jabu. Hanyar ganewar kuwa ita ce, gwaje-gwajen makaman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun bar alama a cikin iska, sha'ir ya zuƙe ta yana tsiro, saboda haka barasar da aka yi bayan wannan zamani ba ta iya ɓoye shekarunta. To, a dubi mutumin da ya ajiye kwalbar jabu shekara ashirin bai sani ba: farin cikinsa duk lokacin da ya dube ta, da alfaharinsa gaban baƙi, ba su gaza na mai kwalbar gaskiya da ƙwayar zarra ba. Ashe daɗin ba daga abin da ke cikin kwalbar yake fitowa ba. Daga zato yake fitowa, watau zaton cewa ina da abin da wani ba shi da shi, wannan kuwa maye ne da ba ya bukatar a buɗe murfi.

Akwai kuma wani sirri a cikin sana'ar kanta wanda ya cancanci tadabburi. Dokar Sikotlan ba ta yarda a kira barasa da sunan wuskin ƙasar ba sai ta kwana aƙalla shekara uku a gangar katako, ganga kuwa tana numfashi, kowace shekara kimanin kashi biyu cikin ɗari na abin da ke cikinta yana bin iska, masu sana'ar suna kiransa rabon mala'iku bisa irin rahar tasu. A cikin wannan raguwa ne abin yake canza launi da ƙamshi, yake samun abin da su suke kira nuna. Da zarar an rufe shi a kwalba, nuna ta tsaya cik: mai shekara sittin a ganga mai shekara sittin ne har abada, ko ya ƙara ɗari a kan kanta. Ba halal muke kamantawa da haram ba, Allah ya kiyaye. Sunnar Allah a cikin halittarsa muke dubawa, wadda ta hukunta cewa abin da ke fitar da wani sashe nasa shi ke kyautatuwa, wanda aka toshe kuwa ba ya gaba. Haka ma Shari'a ta ɗora wa dukiyar da ta kai nisabi, shekara ta kewayo mata, zakkar ɗaya cikin arba'in, domin kada ta zama taskar da Suratut Tauba ta yi wa ma'abotanta narko mai tsanani. Sahabbai kansu sun saɓa a kan iyakar wannan narko: Abdullahi ɗan Umar yana ganin dukiyar da aka fitar wa zakka ta fita daga cikinsa, Abu Zarri al-Gifari kuwa ya tsananta har ya yi jayayya da Mu'awiya a Sham, ya ƙare rayuwarsa a Rabaza, amma babu ɗayansu da ya ɗauki tarawa domin tarawa abin yabo. Imamu Gazali ma, a cikin Ihya'u, ya nuna cewa zinariya da azurfa alƙalai ne tsakanin kayayyaki, wanda ya taskace su kamar wanda ya ɗaure alƙali ne a kurkuku, ya hana shi yin hukunci.

Saboda haka Musulmin da ya ji labarin waɗannan kwalabe ya girgiza kai, ya gode wa Allah da ya tsare shi, ya yi daidai. Amma godiyarsa ba ta cika ba sai ya leƙa nasa ma'ajin. Akwai malamin da ya jera mujalladai masu ruwan zinariya, bai karanta ba, bai kuma ba ɗalibi aro ba. Akwai attajirin da ya sayi filaye ya kewaye su da katanga shekara da shekaru yana jiran tsada, maƙwabta suna neman inda za su shuka. Akwai mai manyan riguna a adaka, asu yana ci, ɗan'uwansa yana zuwa idi da yagaggiyar taguwa. Kayan waɗannan duka halal ne, ciniki a kansu ingantacce ne, amma cutar zuciyar ɗaya ce da ta mai kwalba, har ma nasu uzurin ya fi rauni, tun da littafi da fili da riga ana morarsu ba su ƙare ba. Ma'aunin da hadisi ingantacce ya ba mu a nan a sarari yake: rabon ɗan Adam daga dukiyarsa bai wuce abin da ya ci, da abin da ya sa, da abin da ya bayar sadaka ba. Duk abin da ya saura a rufe bayan waɗannan ukun na magada ne tun mai shi yana raye, shi kuwa gadi yake yi musu ba lada ba la'ada, ga kuma hisabi yana jiransa a kan yadda ya samu da dalilin da ya sa ya hana. Allah shi ne mafi sani.